Kujera ta Tara

A Tusan ta Arizona, cikin watan Yuli,
rana ba fitowa take ba, saukowa take yi.
Kwalta kan yi laushi har ta riƙe takalmi.

Mu goma sha biyu aka tsamo daga cikin gari,
aka jera mu gefen alƙali.
Ni ce ta tara.
Shekara ashirin da shida na yi
ina tuƙa motar 'yan makaranta.

Ga shi can, Anselmo Duarte,
mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki.
Ku ji sana'a: shi ke raba wa gari sanyi.
Rigarsa ta yi masa yawa yanzu,
wuyansa na yawo cikinta kamar muciya a tukunya.

Talata ce, kuma ba ranarsa ba ce.
Noemi ke kai Itzel gidan raino,
sai aka kira ta aikin asuba a ɗakin wankin asibiti.
Yarinyar ta kwana kukan fitar haƙori,
tana shiga mota barci ya ɗauke ta,
kujerarta na kallon baya, ba ko tari.
Waya ta yi ƙara: sanyin gidan tsofaffi ya mutu.
A mararrabar da zai karya hagu
hannunsa ya miƙe inda ya saba miƙewa.

Awa bakwai.
Ya mayar wa tsofaffi arba'in da iskarsu.
Ya ci abincin rana.
Har ya nuna wa abokin aiki hotonta a waya.

Lauyar gwamnati ta ɗaga takalmi ƙafa ɗaya cikin leda,
bai kai tsawon yatsana ba.
Ta ce, mai wannan ba ta da baki, wa zai ara mata?
Ta ce, da 'yar aikin raino ce ta aikata,
da kun tsaya jin tausayi?
Tambayar ta zauna min a maƙoshi.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ya zo da zane-zane,
ya ce in gajiya ta yi yawa
sabo ke ƙwace sitiyari daga hannun tuni.
Dogon bayani ya yi
kan abin da aka taƙaita tuntuni: sabo turken wawa.

Noemi na zaune bayansa kullum.
Ba ta taɓa kafaɗarsa ba ko sau ɗaya.
Ba ta kuma fasa zuwa ba.

Da aka rufe mu a ɗaki,
mai kujera ta uku ya bugi tebur:
'ya'yana huɗu, ban taɓa ba, ba zan taɓa ba!
Na dube shi. Laifi tudu ne.

Ni kullum in na sauke ɗalibai
sai na taka har ƙarshen mota ina leƙen kujeru.
Wata Juma'a ban taka ba.
Na kulle, na kai ƙofar gareji,
sai na tuna tabarauna.
Na koma. A kujerar ƙarshe
ga Tobiya, ɗan shekara biyar,
ya yi matashi da jakarsa, gumi na bin kunnensa.
Na tashe shi, na saya masa ƙanƙara mai zaƙi,
ban faɗa wa kowa ba.
Tabarau ne kawai tsakanina da kujerar Anselmo.

Amma Tobiya ya girma, yana da gemu yanzu.
Itzel ba ta gama fitar da haƙori ba.
Doka ta miƙo mana kalma ɗaya, sakaci,
ta ce mu auna ko ta yi daidai da mutumin.
Kwana uku muna aunawa,
ta nan ta yi masa kaɗan, ta can ta yi masa yawa.

Aka raba 'yan takardu.
Na rubuta tawa, na ninke ta huɗu.
Ba zan gaya muku ba.

Da yamma na fito filin ajiye motoci,
zafi ya mare ni a fuska.
Shekara goma ba yaron da ya hau motata.
Na buɗe ƙofar baya,
na duba.